Ƙulin Angurya da Bijiman Rafin Guza

Ku matso, ku zauna a kan buhunan nan, ba za su ɓata muku wando ba. Kun ce kun gama bautar ƙasa, kun haɗa kai ku huɗu za ku sayi maruƙa ku turke. Madalla! Wallahi na ji daɗi, don rabona da in ga masu takarda sun tako garken nan da ƙafarsu har na manta. Sai dai na ji abin da wancan dogon ya faɗa tun kuna bakin ƙofa, ya ɗauka kunnen tsoho ya mutu. Cewa ya yi, "Me ke cikin kiwo? Ka tara ingirici, ka ba su ruwa, ka jira su yi ƙiba." To ɗana, ni ma da bakin nan nawa na taɓa faɗin haka, kuma a nan Rafin Guza.

Sunana Idi. Daga wajen Malumfashi na zo Kaduna ina saurayi, ban iya komai ba sai tura kura. Wata rana aka ɗora mini buhu shida na ƙulin angurya, aka ce in kai wa wani dattijo mai turkar shanu, Baba Ɗangusau. Ƙulin angurya, in ba ku sani ba, shi ne abin da ke ragewa bayan an matse mai daga irin auduga. Ni ɗan ƙasar auduga ne, na san angurya tun ina rarrafe, amma ban taɓa ganin an yi mata tarba irin wadda Baba ya yi wa buhunan nan ba. Kowanne sai ya kwance bakinsa, ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo daga tsakiya, ya shinshina, ya gutsura ya tauna, ya tofar. Biyar ya karɓa. Na shida ya ce, "Wanga kau, maida musu abinsu."

Rana ta take, ga nisa, ga shi an ce in koma da buhu. Na dubi rumfarsa cike da busasshiyar ciyawa har rufi, na ce, "Baba, duk wannan wahala ta mece ce? Ga ingirici nan kamar dutse. Ai shanun garinmu ciyawa suke ci, kuma ba su mutu ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Mi kac ce, ɗan Katsina?"

Na maimaita, don a lokacin ba ni da kunya.

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "In ka maida buhun, ka dawo. Ina da aiki gare ka na kwana arba'in."

Aikin nan shi ne makarantata. Yana da maruƙa biyu farare, bunaji, 'yan shekara ɗaya da rabi, rana ɗaya ya sayo su a kara ɗaya, wato kasuwar shanu, tsayinsu ɗaya, har ƙahonsu kamar an auna. Ya ɗaure su a turke biyu maƙwabta. Ya ce na dama in ba shi ingirici iya cikinsa, da ruwa, da kanwa. Na hagu ma haka, amma da ƙarin mudu guda na ƙuli a yini, jiƙaƙƙe, rabi da safe rabi da yamma. Sannan ya raɗa musu suna. Mai ƙuli ya sa masa Ɗangusau. Mai ciyawa zalla kuwa ya sa masa Idi.

Kai! Unguwa ta samu abin dariya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce, "Baba, yaya Idi?" Shi kuma ya ce, "Idi na nan, shina ta tauna, ba ya gaba ba ya baya." Ni ina tsaye da cebur a hannu.

Abin da ya ɗaure mini kai tun sati na biyu shi ne wannan, ku saurara da kyau. Na ɗauka wanda ake bai wa ƙuli zai ƙoshi ya rage cin ciyawa. Ina! Shi ne ma yake share komin nasa ƙal, ya miƙa wuya yana jawo na ɗan'uwansa. Shi kuwa Idi sai ya tsattsaga ciyawar da baki, ya zaɓi ɗan ganye, ya bar sauran ya tsaya yana kallon bango. Cikinsa ƙato kamar randa, amma haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga bakin titi, gashinsa ya tashi ya yi ja-ja. Ɗangusau kuwa fata ta kwanta tana ƙyalli, tozo ya fara miƙewa, cinya ta fara cika. Ranar da aka cika kwana arba'in muka jera su, wanda bai sani ba sai ya rantse wa da ƙane ne.

Na ce, "Baba, na tuba. Don Allah a ba Idi ƙuli."

Ya ce, "Ba shi. Amma ka sa ido, ba shi kamo wancan."

Haka kuwa aka yi. Ya murmure, ya yi nama, amma har aka sayar da su bai kamo ɗan'uwansa a tsayi da faɗi ba. To kun ji bambancin maraƙi mai tasowa da tsohon sa. Tsohon sa ya gama gina ƙashinsa, kitse kawai kake lulluɓa masa. Mai tasowa kuwa gini yake yi, ƙashi da tsoka, kuma ginin yana da lokacinsa. In ka bar lokacin ya wuce a kan ciyawar da ba ta da komai, ka yi asarar da ba za ka ganta ba sai ranar ciniki.

Daga ranar na ajiye kura, na ce na bar ta har abada. Shekara tara na yi a hannun Baba.

Abu na farko da ya koya mini da safe ba ba da abinci ba ne, duba kashi ne. Kada ku yatsina fuska! Ku kafin ku wanke ido kun buɗe waya, ni nan nake fara karatuna, a bayan kowane sa. In ka ga kashin ya fito da tauri, ya tsaya tsibi, da layi-layi kamar an jera faifai, ga guntayen ciyawa a ciki ba su narke ba, to wannan dabba tana gaya maka ciyawar ta fi ƙarfin tumbinta, a ƙara ƙuli. In ya faɗo ya baje kamar waina mai kauri, da ɗan rami a tsakiya, ka yi hamdala, ka daidaita. In kuwa ya tsinke yana wanke ƙafafu, ka zarce, ka rage hannu, kana zubar da ƙulinka a ƙasa ne. Babu likitan da zai zo kullum ya gaya maka wannan. Dabbar da kanta take faɗa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Rabin duro na abinci, rabin duro na ruwa, kuma sai an dakushe bakinsu da guduma don kada su yanki leɓe. Adda da gungume na sassara kara, kafin Allah ya hore mini wancan injin. Cebur, baro, igiya, mudu. Ga kuma tef ɗin tela a wuyana. Da shi nake zagaya ƙirjin kowane maraƙi, daidai bayan ƙafafun gaba, ranar Juma'a kafin a ci abinci. Ido yana yaudara, musamman idon mai dabba, kullum gani yake ta ƙaru. Tef ba ya jin kunyar kowa. In sati biyu suka wuce bai matsa ba, akwai magana.

Sai kwalbar nan ta banza, wadda ta fi su duka amfani ranar sayen ƙuli. Ka cika ta da ruwa, ka marmasa ƙulin a ciki, ka girgiza, ka ajiye. In an yi algus da yashi, zai kwanta a gindi. In da ɓuntun shinkafa aka cika buhun, zai taso sama yana yawo. Akwai wani mai shago da na yi wa haka a gaban mutane, bai sake gaishe ni ba sai bayan Sallah biyu, amma daga nan buhun kirki yake ware mini. Sannan hanci. Ƙulin da ya sha danshi yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, in ka fasa za ka ga fumfuna kore ko baƙi. Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Na gyaɗa ya fi kowanne saurin yin haka. Buhun da Baba ya sa na mayar ran farko, abin da ya shinshino ke nan.

Kuma kada wani ya ruɗe ku da dusa. Mutane da yawa sun ɗauka dusar masara da ƙuli abu ɗaya ne, tunda duka a buhu suke zuwa. A'a. Dusa ƙarfi take bayarwa da kitse. Abin da ke gina jiki, wanda ku 'yan boko kuke kira furotin, yana cikin ƙulin angurya, da na gyaɗa, da na waken suya, da harawa mai ganye, da kowar wake, da 'ya'yan gawo. Ciyawa kuwa, in an yanke ta tana ɗanya kafin ta yi fure, aka shanya a inuwa, tana da ɗan abin kirki. Amma wadda ake kawo mana gari, sai ta tsufa ta zubar da iri ta koma kamar tsintsiya ake sa mata lauje. Wannan cika ciki ce kawai.

Sabon maraƙi in ya sauko daga mota, ba a yi masa gaggawa. Kwana uku ciyawa da ruwa da ɗan harawa, a ba shi maganin tsutsa da na hanta, a cire masa kaska, don kada ka riƙa ciyar da tsutsa da ƙulinka. Sannan a fara da tafin hannu guda, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sai ya yi sati biyu kafin ya kai mudunsa. Ɗan ƙaramin da bai fara tuƙa sosai ba kuwa, a nisanta shi da angurya sam, tana yi masa illa.

Masu sayenmu mahauta ne, kuma a cikinsu ba wanda ya kai Alhaji Tanimu. Shi ba ya tambayarka me ka ba dabba. Zuwa yake ya dafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya da yatsa biyu, ya shafa haƙarƙari, ya kama ƙirji ya jijjiga. Daga nan zai ce maka, "Wannan dusa ce zalla, kitse ne a kan ƙashi." Ko ya ce, "Wannan ya ci ƙuli tun yana yaro." Bai taɓa kuskure ba a gabana. In ya yi shiru ya ciro goro ya ɓare, to dabbar ta shiga ransa, sai ka gyara tsayuwa.

Da tsufa ya kama Baba, 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida, ya bar mini turakun nan. Ban daɗe da zama mai kaina ba aka aiko mota daga Unguwar Rimi, wai wata Hajiya Rabi tana nemana. Shugabar makarantar 'yan mata ce da ta yi ritaya. Aka buɗe ƙaton get, aka zagaya da ni bayan gida. Abin sha'awa! Rumfar kwano, daɓen siminti, famfo a gefe, ɗaki guda cike da ingirici. Ga maruƙa takwas a tsaye, kowanne kamar an rataya fata a kan katako.

Ta ce, "Malam Idi, wata uku ke nan. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Me na yi musu?"

Na zagaya bayansu na duba ƙasa, na murza ciyawar a hannu. Na ce, "Hajiya, ba ki yi musu komai ba. Yunwa suke ji."

Ta gyara gilashi. "Yunwa? Ga abinci har sun bar saura?"

Na ba ta labarin Idi da Ɗangusau. Ta yi dariya, sannan ta ce, "To, na ji ƙuli yana sa su ƙara cin ciyawa. Me ya sa?"

Na ce, "Haka Allah ya yi su, Hajiya."

Ta ce, "Na san Allah ne ya yi su. Ta wace hanya?"

Nan na tsaya. Shekara kusan goma ina aikin, ba wanda ya taɓa tambayata haka. Matar nan komai ka faɗa sai ta ce me ya sa. Amma ta bi abin da na ce, kuma cikin wata biyu maruƙan suka juye har maigadinta ya fara tsoron shiga tsakaninsu. Daga baya maƙwabta suka yi ƙorafin ƙuda da wari, sai ta riƙa sayen maruƙanta tana kawo su nan garkena, ni ina kiwo, ita tana zuwa duk Juma'a ta riƙe bakin tef. Shekara huɗu muna haka lafiya lau.

Sai shekarar da ba na mantawa. Hanyoyin yamma suka lalace da rashin tsaro, manoma da yawa ba su shiga gonakin auduga ba, motocin ƙuli suka ɗauke ƙafa. Na gyaɗa da na waken suya kuwa masu gidan kaji sun kwashe tun daga bakin inji. Ɗan abin da ke shigowa kasuwa, in ka sa a kwalba rabi yashi rabi ɓuntu. Ga bazara ta kama, harawa ta ƙare. Ina da kai goma sha huɗu a turke, shida nawa, takwas na Hajiya, duka masu tasowa. Juma'a uku a jere tef bai matsa ba.

A kara na haɗu da wani dillali, ya ja ni gefe. Ya ce, "Kai har yanzu ƙuli kake nema? Manyan gonaki yuriya suke bayarwa, takin masarar nan. Ka barbaɗa a dusa, cikin hannu guda ga kowane sa, ka ga aiki."

Ban tambayi kowa ba. Na dai rage abin da ya faɗa, na fara barbaɗawa. Kwana biyar ba abin da ya faru, har na fara jin ni ma na gano wani sirri. Rana ta shida na haɗa abincin yamma tun da hantsi a babban komi, a fili, na tafi Kinkinau neman wata mata da aka ce tana da tunkuza, ƙulin gyaɗa na gida. Ina can bayan azahar hadari ya haɗo, ruwan farko na shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya, bai fi rabin sa'a ba ya ɗauke. Ina cikin Keke mai ƙafa uku a hanyar dawowa ina murna ciyawa za ta fito.

Da na shigo, na ga zanan da ya raba rumfa da fili a kwance. Uku daga cikin na Hajiya, waɗanda nake bari a sake don ba sa faɗa, sun ture shi. Ruwan sama ya cika komin, takin ya narke a ciki, sun shanye. Ɗaya yana kwance ya miƙe ƙafafu, ya riga ya tafi ko wuƙa bai samu ba. Na biyu yana shure-shure. Na uku, wani jan gudali mai faɗin goshi, yana tsaye yana tangaɗi, jiki na ɓari, yawu na dalala, cikinsa na hagu ya kumbura kamar ganga.

Na kira Dokta Hannatu, likitar dabbobin da ke yi mana allura. Ina faɗin yuriya ta katse ni. Ta ce, "Malam Idi, saurara. Ruwan sanyi, mai sanyi sosai, da yawa. Da ruwan khal, irin na kanti mai tsami. Ka ɗura masa ta gefen baki a hankali, kada ka ɗaga kansa sama ya shaƙe. Ga ni nan tafe."

Na fito titi ina ihu. Kai, ranar na ga Rafin Guza! Mata masu zoɓo da ƙunun aya suka buɗe firiza suka yi ta miƙo ƙanƙara ta kan katanga. Mai shagon kan kwana ya kwaso duk kwalaben khal da ke kantarsa ya rugo ko takalmi babu. Maƙerin da ke maƙwabtaka da ni ya riƙe ƙaho, wani direban tifa ya danne wuya, ni ina ɗurawa da kwalbar lemo, khal, ruwan ƙanƙara, khal, ruwan ƙanƙara. Na biyun ya cika muna tsakiyar haka. Jan gudalin ya durƙusa, muka tashe shi, ya sake durƙusawa. Dokta ta iso a kan babur, ta zura masa roba ta baki har tumbi, iska ta fito da wani wari mai hawa kai, ta ƙara masa ruwan da kanta. Wajen la'asar sakaliya ɓarin ya tsaya. Ya ɗaga kai, ya yi wata doguwar gyatsa. Mutane suka ɗauki kabbara kamar an ci ƙwallo.

Bayan ta wanke hannu ta zauna a kan baro ta yi mini karatun da Hajiya ta nema shekara huɗu da suka wuce. Ta ce a cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka ciyawa, ba saniyar ba. Su ma sai sun samu abin gina jiki suke yawaita su yi aiki. In ciyawa ce zalla, sai su yi rauni, ciyawar ta daɗe a tumbi ba ta wuce ba, dabba ta kasa ƙara ci. In ka ba da ƙuli, su ka fara ciyarwa, su kuma su buɗe wa dabbar ciki. Ta ce yuriya ma suna iya juya ta, gaskiya ne manyan gonaki suna amfani da ita, amma da awo na sikeli, a gauraye sosai, a saba wa dabba a hankali, ba a bai wa ƙanana, ba a bai wa mai jin yunwa, kuma ba a taɓa barin ta ta haɗu da ruwa a komi. Ta ce, "Dillalinka rabin magana ya ji, ya sayar maka da ita a matsayin cikakkiya." Ku ma ina gaya muku, kada hannunku ya taɓa takin nan sai likita na tsaye a kanku.

Dokta ta ce a binne biyun, kada a ci. Muka haƙa rami a bayan garke. Kafin magariba na wanke jiki na tafi Unguwar Rimi, don ban so ta ji a bakin wani ba.

Na same ta a baranda tana ba shukokinta na cikin tukwane ruwa. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da dillalin, har da kwana biyar ɗin da na yi ina barbaɗawa ban gaya mata ba. Na ce ga biyu daga cikin nawa, ta zaɓa.

Ta ajiye butar. Ta ce, "Malam Idi, ka san abin da ya ɓata mini rai? Ba mutuwarsu ba ce, rai na Allah ne. Kana da lambar likita a wayarka. Ka iya kiranta bayan sun sha, ka kasa kiranta kafin ka zuba?"

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

"Riƙe shanunka, ba na so. Tashi ka zauna a kujera. Saura goma sha biyu a turke. Gobe me za su ci?"

Na ce ban sani ba. Na gaya mata matar Kinkinau ma tunkuzarta ba ta fi ta kwana biyu ba.

Sai ta ce, "Waken suya ka ce yana gina jiki?"

Na ce ƙwarai.

"To masu awara fa? In sun tace waken, ina suke kai dusar?"

Wallahi sai da na miƙe tsaye! Kullum ina wuce masu suyar awara a bakin layi, kullum ina ganin suna juye dusar wa awaki ko a kwata, ban taɓa haɗa ta da shanuna ba. Hajiya ta ɗauko waya. Matar nan rabin matan Kinkinau da Rafin Guza ɗalibanta ne ko iyayen ɗalibanta. Kafin kwana uku ta haɗa ni da gida goma sha ɗaya masu awara da gida huɗu masu man gyaɗa.

Na koma tura kura, ni da na ce na bar ta har abada, kuma ina yi ina waƙa! Da sassafe in bi gida-gida da robobi, ana sallama ana miƙo mini. Dusar awara ruwa ne ya fi yawa a cikinta, kuma in ta kwana sai ta yi tsami, don haka ta ranar nake bayarwa a ranar, saura in matse a buhu in baza a kan rufin kwano ta bushe. Dokta Hannatu ta zo ta tsara mana haɗin, ga dusar awara, ga ɗan tunkuza, ga kowar wake, ga 'ya'yan gawo da direbobin Katsina suka riƙa sauke mini buhu-buhu, ni kuma ina dakawa a turmi. Kwana biyu shanun suna shinshinawa suna kau da kai. Rana ta uku jan gudalin nan, wanda ya sha khal, shi ya fara sa baki, saura suka bi. Na zagaya bayansu bayan sati guda na ga waina mai rami a tsakiya, na yi ta dariya ni kaɗai har maƙerin ya leƙo ya ga ko lafiya. Juma'a ta biyu tef ya matsa. Hajiya ta sa na sake aunawa sau biyu.

Wata huɗu bayan haka Alhaji Tanimu ya zo. A shekarar duk garken da ya shiga ƙashi yake tararwa. Ya tsaya a bakin rumfa ya ƙare musu kallo. Ya nufi jan gudalin, ya dafa baya, ya matsa gindin wutsiya, ya kama ƙirji. Sai ya ciro goro. Ya ɓare, ya tauna, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi tambaya.

"Idi, bana babu ƙuli a garin nan. Me ka ba su?"

Na ce, "Awara, Alhaji."

Ya ce, "Kai dai ba ka girma." Har ya loda su a mota bai yarda ba.

Da garken ya zama wayam, na kwance igiyoyin Hajiya daga turaku, duka takwas, har da na biyun da muka binne. Na wanke su, na shanya, na naɗe, na kai mata gida. A sana'armu in ka mayar wa mutum igiyarsa, ka sauke amanarsa ke nan, ya nemi wanda ya fi ka. Na ajiye a gabanta na ce, "Hajiya, na gode da haƙurin da kika yi da ni."

Ta sa gilashi, ta ɗaga igiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Takwas ne."

Na ce, "Takwas ne, Hajiya."

Ta turo mini su da ƙafa. "Ba za su isa ba. Ka biya kasuwa ka ƙaro huɗu. Ranar Talata da wuri za mu tafi kara, kuma ka zo da tef ɗinka."